Sharhi a kan hawa Burj Khalifa: lokacin hawa ya fi yawan bene muhimmanci

Ƴan kasuwarmu na Yamai da ke zuwa Dubai sarin kaya sukan ƙare tafiyarsu a shagunan Deira, shi kuwa Burj Khalifa sai dai su hango shi daga cikin mota. Ni na sayi tikiti na hau, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba, muddin mutum ya san sa'ar da zai zaɓa.

Ginin, wanda aka buɗe a watan Janairun 2010, yana da tsawon mita 828, kuma ta cikin katafariyar kasuwar Dubai Mall ake shiga. Na'urar hawa tana kai mutum bene na 124 cikin kusan minti ɗaya, ba jijjiga, sai dai kunne yakan ɗan toshe. A nan akwai barandar da take buɗe, inda iska ke bugun mutum yana sama da mita 450 daga ƙasa, yana kallon teku a gefe guda, hamada a ɗaya gefen, da motocin titin Sheikh Zayed da ba a jin ƙararsu ko kaɗan.

Abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne ƙura. Ranar da hazo ya sauka, abin da ke nesa yakan ɓace kamar yadda unguwar Harobanda ke ɓacewa daga gadar Kennedy ta Yamai a tsakiyar hunturu, kuma ƙarin kuɗin hawa bene na 148 ba zai gusar da shi ba. Shi ya sa na fi yarda da a duba yanayi tun da safe, a kuma tsaya a tikitin bene na 124 da na 125. Tikitin faɗuwar rana ya fi tsada, jama'a kuma a lokacin suka fi cika wurin. Wani dillali ya so ya sayar mini da shi da ƙari mai yawa, alhali saye kai tsaye ta intanet ya fi sauƙi.

Wanda zai je da azumi ya lura cewa rana tana jinkirin faɗuwa a can sama, har malaman Dubai suka ba da fatawa cewa mazauna sama da bene na 80 su ƙara minti 2 kafin buɗa baki.