Tsakin fate da garin ɗanwake na wata Hajiya a Badarawa

Akwai wata Hajiya a unguwar Badarawa cikin garin Kaduna da ke sayar da kayan gari daga cikin gidanta: tsakin fate, garin tuwo, garin ɗanwake, gyaɗar kunu da yaji. Babu allo a ƙofarta. A WhatsApp ake yi mata magana, ta ba mai Keke ya kawo, ko mutum ya je da ƙafarsa. Abokiyar aikina ce ta haɗa ni da ita gab da hutun 1 ga Oktoba, lokacin da ƙannen maigida suka ce za su zo daga Zariya da yaransu, ni kuwa ba ni da sararin zuwa layin inji.

Tsakinta shi ne dalilin wannan rubutu. Duk mai girki a Kaduna ta san halin kaka: sabuwar masara daga Saminaka da Soba ta cika kasuwar Kawo, farashi ya ɗan sauko, kowa na rububin saye. To amma sabuwar masara da danshinta take zuwa, ga ruwan sama bai gama ɗaukewa ba a farkon Oktoba, shanya ta zama aiki. In aka yi gaggawar kai ta inji, tsakin yakan dunƙule a leda, kafin mako ya zagayo ya fara warin tsami. Na Hajiya da na zuba a faranti, warwas yake, ƙwayarsa kusan kai ɗaya, ba dusa, ba tsakuwa. Na wanke shi, ɗan abin da ya taso saman ruwa bai cika cokali ba. Da na tambaye ta, sai ta ce: "Ƙanwata, ni sai na ciji ƙwaya na ji ta ce ƙas kafin ta ga inji." Bayan an ɓarzo kuma tana tankaɗe garin gefe, ta bakace sauran.

A tukunya aka ga amfanin wannan wahala. Na sa ƙashi da wake suka nuna, na zuba tsakin, sannan yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa. Bai kama ƙasan tukunya ba, bai kuma narke ya zama kamar kunu ba. Kana ci kana jin tsakin a baki. Inna, mahaifiyar maigida, wadda ba ta cika yabon abin da aka sayo a leda ba, ta ci ta ƙara, sannan ta ce: "Wannan wa ya surfa miki?" A wurinta wannan yabo ne babba.

Garin ɗanwaken ne bai gamsar da ni ba. Rogo ya yi masa yawa, wake ya yi kaɗan. Yana yin santsi da danƙo yadda yara ke so, kuma kukar da ta sa ta isa, amma ƙamshin wake babu shi, kuma awa biyu bayan an ci yara sun dawo kicin suna neman wani abu. Na fahimci dalili, wake bai gama shigowa ba sai wajen Nuwamba, tsohon da ke kasuwa kuwa da tsada. Duk da haka gara ta ƙara kuɗi ta ƙara wake. Kanwa ba ta haɗawa a ciki, kowa ya jiƙa tasa, wannan kam na yaba.

Gyaɗar kunu ba laifi, sabuwa ce, ba ta da ɗacin nan na wadda ta kwana biyu a buhu.

Yajin daddawarta na da kyau ƙwarai, barkono bai danne masoro da kanumfari ba. Citta ce kaɗan a ciki, ita ma ba ta ɓoye ba. Tun da cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, masu yaji da yawa suka rage hannu. Wadda ke son zafin citta sai ta daka tata ta ƙara.

Batun kuɗi, mudun tsakinta ya fi abin da za ki kashe in kin sayi masara kin kai surfe da ɓarza da kanki. Amma ki lissafa kuɗin Keke zuwa kasuwa, da jiran a kawo wuta a wurin mai inji, da wunin da zai tafi a bakace. Mai zaman gida da ke da 'yan mata masu taya ta aiki ba ta buƙatar Hajiya. Mai fita aiki tun safe irina tana buƙata.

Inda za ta gyara shi ne kawo kaya. An ce mini da azahar, sai bayan la'asar mai Keken ya iso, kuma ledar yajin ba ta ɗauru sosai ba, ya ɗan zube a kan garin tuwo. Ta ba da haƙuri, ta ce odar hutu ce ta yi mata yawa. In za ki saya, ki yi mata magana kwana biyu kafin ranar da kike buƙata, ki ce a sa yajin a roba mai murfi, garin ɗanwaken kuma ki faɗa mata tun farko a ƙara wake za ki biya.