Yaya, Kafin Ka Sa A Yanka Gilashi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kowa lafiya, ya zafin Birnin Kebbi? A gaida Hajiya da yara.

Saƙonka ya iso, cewa tankin nan mai lita 100 ya yi wa kifayen tekunka kaɗan, kana son babba, in duba maka yadda ake yi a nan Ingila. Na zaga shagunansu a Manchester, na kuma sha hira da masu sana'ar.

A nan ba a shiga shago a ce "a ba ni babba". Mai shago sai ya ji irin kifin da za ka sa, ya kuma ji a bene kake ko a ƙasa, domin yawancin benayensu daɓen katako ne. Litar ruwan gishiri ta ɗan ɗara kilo ɗaya. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60 yana cin lita 432, idan ka haɗa da gilashi da duwatsu da yashi da ƙaramin tankin tacewa da ke ɓoye a ƙasa, ka haura rabin tan. Kai da ke da daɓen siminti wannan ba damuwarka ba ce. Teburin ne abin kula: mai walda ya yi shi da ƙarfe mai kauri, ya sha fenti tunda gishiri cin ƙarfe yake, kuma ya zauna cas babu karkata.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada yawan lita ya ruɗe ka. Tsawo da faɗi su ne dukiyar. Akwai kifin da suke kira tang, wanda wuni yake yana kai da kawo. Mai launin ruwan ɗorawa ana nema masa tanki mai tsawon santimita 120 aƙalla, shuɗin kuwa 180. Na ga wani a dogon tanki siriri mai kama da randa, ruwa ga shi nan birjik, amma da ya kaɗa wutsiya sau biyu sai hancinsa ya tarar da gilashi. Faɗi kuma shi ke ba ka damar jera duwatsu a tsakiya, kifi ya zaga ta baya, hannu ya shiga ya goge. A faɗi 45 sai ka ga an jingina duwatsu da bango, datti na taruwa inda ba a gani. Tsayi kuwa, kada ka wuce 60. Da ya zarce haka hannunka ba ya kai ƙasa sai hammata ta jiƙe, hasken fitila yana raunana kafin ya isa ga murjani, wato halittar tekun da ke girma a kan duwatsun, gilashin kuma dole ya ƙara kauri, kuɗi ya hau.

Kayansu a kammale suke zuwa. Kamfanoni irin su Red Sea da Waterbox suna sayar da tanki da teburinsa da bututunsa, an riga an huda gilashi, a kawo har gida. Sai dai lambar da ke jikin sunan tankin sau da yawa ta haɗa da ruwan na ƙasan, ba duka kifi ke iyo a ciki ba. Ka kuma lura da galan idan kana duba farashi a intanet: na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5. Tsada kam akwai, shi ya sa da yawa ke sayen na hannu a Facebook. Ta wannan fuska mun fi su morewa, mai gilashi zai yanka maka awon da kake so. Amma ka tsaya a kansa: kauri milimita 12, a ɗaure saman da gilashin ƙarfafawa, a sa silikon na tankin kifi, ba na banɗaki mai maganin funfuna ba, wannan guba ce.

Su a nan dumama ruwa suke yi. Kai sanyayawa ce aikinka. Waɗannan kifaye digiri 24 zuwa 26 suke so, ga shi a watan Afrilu garinmu yana haura 40. Ba tarwadar Argungu ba ce da za ta kwanta a taɓo ta jira damina. Ruwa mai yawa yana jinkirin ɗaukar zafi, wannan riba ce, amma injin sanyayawa da famfunan da za su riƙe lita 648 na tanki mai tsawon 180 sai sola da batura na gaske, domin famfo ya tsaya dare guda iska ta ƙare a ruwan.

Ga gishiri kuma. Shagunan nan har ruwan da aka tace aka gauraya suke sayarwa a jarka, su gwada maka naka idan ka kawo. Kai daga Legas za a turo maka gishirin, gram 35 a kowace lita, wato kusan kilo 15 a cikawar farko kaɗai ta tanki mai lita 432, ban da canjin kashi goma cikin ɗari da za ka riƙa yi. Ruwan da zafi ya shanye kuma da tataccen ruwa zalla ake cike gurbinsa, gishirin bai tafi ko'ina ba.

Ni dai da za ka bi ta tawa, ka tsaya a 120 da 60 da 60, ka haƙura da shuɗin tang. Ka auna ƙofar falo kafin a haɗa, sannan ka turo mini ƙarfin inbatarka in san girman injin sanyayawar da zan nemo.