Sauya man giya kaɗan-kaɗan a tsohuwar EOD ɗina: abin da na gani

Motata Honda Accord ce ta 2005, wadda muke ce wa EOD, mai silinda huɗu, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano kuma mitarta ta haura mil dubu 200 tun tuni. Abin da ta fara yi min shi ne in za ta tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku sai inji ya yi ta ihu, allurar juyin inji ta haura sama amma gudu bai ƙaru ba, sai can ka ji ta shiga da bugu. Da safe ma in na sa D sai ta yi jim kafin ta kama. Da fitilar D ɗin ta fara ƙiftawa kuwa na san magana ta girma.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce a sa mashin a wanke giyar tas, wani ya ce kar in ɓata kuɗina in wuce kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano kawai in sayo giya 'yar Beljiyam, wani kuma har kwalbar maganin nan mai kauri da ake zubawa a giya ya miƙo min. A ƙarshe wajen wani dattijo mai gyaran giya zalla na je, kuma aikinsa nake so in yi magana a kai.

Abin da ya fara burge ni, sai da ya zaga da motar ta yi zafi, ya kashe inji sannan ya zaro ma'aunin mai, domin ita Honda a kashe ake duba man giyarta ba kamar Toyota ba da ake dubawa inji na aiki, yara da yawa a gareji ba su san wannan ba wallahi. Man ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna. Ya ce, "Alhaji, in aka sa wa wannan mashin dattin da ya kwanta zai tashi ya toshe hanyoyin mai, ba da hannuna ba." Na ce to Baba yadda ka gani.

Kwance noti ya yi ya tsiyaye, wajen lita uku ne ke fita, ko rabin abin da ke ciki bai kai ba don sauran na maƙale a cikin kwanbata, wato tulun man da ke haɗa inji da giya. Notin yana da maganaɗisu, ya nuna min garin ƙarfen da ya taru a kai kamar kwalli. Ya zuba man giyar Honda DW-1, wanda ya maye gurbin Z1 na da, ya ce in yi ta hawa in dawo a maimaita har sau uku. Ya kuma cire solonoyid, wato bawul ɗin lantarki mai buɗe hanyar mai da rufe ta, ya wanke 'yar ragar da ke ƙarƙashinsa, ya canza suwic ɗin furesha (mai auna matsin mai) na giya ta uku da kwamfuta ta nuna.

Jinkirin safe ya tafi gaba ɗaya, fitila ta daina ƙiftawa, bugun ma ya yi laushi sosai. Amma zamewar ba ta mutu ba, in na cika mota da iyali da rana tsaka ga AC a kunne na taka da ƙarfi sai ta ɗan yi, shi kansa bai ɓoye min ba, ya ce kulocin ciki ya riga ya ci kuma mai ba ya mayar da shi. Yanzu in ta zo shiga ta uku ɗaga ƙafa nake yi kaɗan daga totur sai ta shige lafiya.

Inda ban ji daɗi ba, man na asali akwai tsada ga jabu ya cika kasuwa, sannan wajen Baba layi ne, ka kai mota da safe sai la'asar. Duk da haka kuɗin bai kama ƙafar na 'yar Beljiyam ba, wadda ita ma ba ka san mil nawa ta ci a can ba. Cikin gari ina hawa hankali kwance, Kano zuwa Abuja dai tukuna.