Vaseline Blue Seal a hannun da ya fara tsufa: murfi ne, ba ruwa ba

Sau da yawa hannu yakan riga fuska nuna shekaru. Fatar bayan hannu ba ta da kauri, ƙofofin da ke fitar da maiƙo a cikinta kaɗan ne, tafin hannu kuwa ba shi da su sam. Idan girma ya zo, kitsen da ke ƙarƙashin fatar yakan ragu, jijiyoyi su fito, fatar ta daina riƙe ruwa kamar da. A haɗa da alwala sau biyar, wanke-wanke da omo, da iskar hunturu, sai ka ga hannun dattijuwa ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka, gefen farce ya tsage har da jini.

Vaseline Blue Seal na asali, wanda ba shi da turare, abu ɗaya ne a cikinsa: tataccen maiƙo daga ɗanyen man fetur, wanda Robert Chesebrough ya yi rajistar mallakarsa a Amurka a 1872. Ba ya ƙara wa fata ruwa ko ɗigo. Aikinsa rufewa ne, yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke tsirarewa ta fata. A wannan fanni da wuya a sami man da ya kai shi, ga araha.

Amma a nan ne yawancin mutane ke kuskure. Sai a laƙaba shi a busasshen hannu, hannun ya yi ta ƙyalli, ƙura ta manne, kaushin yana nan daram a ƙarƙashi. An rufe tukunyar da ba ruwa ke nan. Daidai shi ne a shafa bayan an wanke hannu, a ɗan dangwale da tawul a bar danshi, kada a wuce minti uku. Kamar girman ƙwayar wake ya ishi hannu biyu. A murza a tafi ya narke, sannan a bi bayan hannu, gaɓoɓin yatsu da kewayen farce.

Da dare ne ya fi nuna ƙarfinsa. Bayan isha'i a jiƙa hannu a ruwa mai ɗumi na minti biyar, ba mai zafi ba, domin zafi na wanke ɗan maiƙon da ya rage. A fara shafa man da ke ɗauke da sinadarin yuriya (mai tausasa fata) kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ko ɗigon gilisarin da aka sirka da ruwa (zallarsa danƙo yake yi), sai a ɗora basilin da kauri, a sa safar hannu ta auduga. A wanke da sabulu kafin alwalar asuba don ruwa ya isa fata. Yadin da ya sha basilin yana saurin kama wuta, saboda haka kada mai sanye da safar ya zauna jin ɗumi a bakin kaskon gawayi.

Da rana kam basilin ba shi da daɗin sha'ani. Santsinsa na iya sa sanda ko kofin shayi ya suɓuce wa tsoho, kuma yana lalata safar roba irin ta latas idan aka sa shi a ƙarƙashinta. Man kaɗanya mai kyau ya fi shi shiga fata a wannan lokaci.

Kada kuma a sa ran zai goge tamoji ko baƙaƙen ɗigon da ke fitowa a bayan hannu. Rana ce ke jawo yawancinsu, abin da ke rage ƙaruwarsu shi ne man kariya daga rana mai lamba SPF 30. Masu neman goge su da man bilicin suna cutar kansu matuƙa, domin sinadarin clobetasol da ke cikin da yawansu yana ƙara siranta fatar da dama ta yi laushi, har ƙaramin bugu ya bar kwanciyar jini.

A sayi basilin da ke rufe, mai lambar NAFDAC (hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya), a guji na awo da ba a san inda aka tace shi ba. Idan tsagar ta fara ruwa ko mugunya, musamman ga mai ciwon suga, ko wani ɗigo ya riƙa girma yana zubar da jini, a ajiye basilin a tafi asibiti.