Gwangwanin wanke inji da na gwada: abin da ya cire da abin da ya gagare shi

Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 2007, silinda huɗu, kuma bana shekararta shida a hannuna. Kusan kowace Juma'a in an sauko masallaci nakan kama hanyar Daura ta Mashi in gaida tsohuwa, in juyo Katsina ranar Lahadi da la'asar. Daga waje ba ta da laifi, don yara na goge ta kowace safiya. Amma in aka ɗaga bonet, sai ka rantse bayan kaskon mai ƙosai kake kallo. Baƙin mai ya tsattsafo ya bi gefen inji, ƙurar hunturu ta zauna a kai, wani man ya sake biyowa, wata ƙurar ta sake hawa, har abin ya zama ɓawo mai kauri wanda farce ke iya kankarewa.

Da dai ƙazanta ce kawai, da na ci gaba da kau da kai. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙaurin mai da ke shigowa cikin mota duk lokacin da na tsaya a cunkoson Ƙofar Ƙaura, ga kuma man inji yana raguwa tsakanin juye da juye. Na kai wa makanikena, ya leƙa sama, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Yallaɓai, ko'ina mai ne, ba na iya ce maka ga inda yake fitowa. In daga silin baya ne, robar nan da ke tare mai a haɗin inji da giyabos, sai an sauke giyabos. A wanke shi tukuna mu ga gaskiya." Jin an ambaci sauke giyabos sai da cikina ya ɗuri ruwa, don na san aikin ba na ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai dai ni da wankin inji muna da tsohuwar jiƙaƙƙa. Shekara biyu da suka wuce na taɓa ba wasu masu wankin mota a bakin titi, na ce su haɗa har da inji. Ko hucewa bai yi ba suka yayyafa masa fetur, suka bi da ruwan omo, sannan wani yaro ya ɗauko bindigar feshin nan mai ƙarfi ya shiga harbin ko'ina kamar mai wanke kwata. Inji ya fito fes, ni ma har da ƙara musu na goro. Ban yi tafiyar minti biyar ba mota ta fara kakkarwa tana shaƙewa, fitilar inji ta kama a dashbod. Washegari mai gyaran wayarin ya zare koyil, masu ba filogi wuta, ɗaya bayan ɗaya, sai ga ruwa kwance a ramin filogi biyu, koyil ɗaya kuma ya riga ya mutu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun daga ranar, ko wanki na kai sai na ce kada wanda ya taɓa mini bonet. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Shi ya sa wannan karon na ce da hannuna zan yi. A wani shagon kayan gyaran mota na sayi gwangwanin feshi na wanke maiƙon inji, irin mai fitar da kumfa, kuɗinsa a lokacin kamar na fetur lita uku zuwa huɗu. Irin waɗannan magunguna kashi biyu ne, kuma yana da kyau mutum ya san wanne ya ɗauko. Akwai na ruwa, mai kaifi irin na sabulun soda, wanda in ya bushe a jikin alminiyon yakan bar masa farin tabo. Akwai kuma wanda asalinsa dangin kananzir ne aka gauraya da sabulu, shi narkar da maiƙo yake, in ruwa ya taɓa shi sai ya koma fari kamar nono ya tafi da dattin. Nawa na biyun ne, warinsa kaɗai ya isa shaida.

Makanikena da ya gan shi dariya ya yi. Ya ce, "Yallaɓai, kananzir da omo ka saya a cikin gwangwani." Ban musa ba, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Inda muka rabu shi ne batun fetur, wanda yaran gareji suka fi so saboda saurin cin maiƙo. Tururin fetur yana kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, shi kuwa kananzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38 kafin tururinsa ya kama. A ƙarƙashin bonet kuwa ga batir, ga wayoyi, ga bakin salansa da ke yin zafin ɗaruruwan digiri. Tartsatsi ɗaya ya isa. Balle ma tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, wanda duk ya zuba fetur a ƙasa da sunan wanki ai ya cika mai ƙarfin hali.

Na zaɓi safiyar wata Asabar ta watan Fabrairu da ban yi tafiya ba, na gyara fakin a inuwar darbejiya a ƙofar gida. Na tayar da motar minti kaɗan don maiƙon ya ɗan saki, na kashe, na jira har na iya ɗora tafin hannu a kan inji ba tare da na janye ba. Shiri shi ya fi cin lokaci, kuma yanzu na gane shi ne rabin aikin. Na fara kwance kan batir na nagetif da sifana mai lamba 10. Shi ake fara cirewa, domin jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da shi. In ka fara da ɗaya kan, sifana ta kuskure ta taɓa ƙarfe, sai ka ga wuta. Daga nan na bi da leda da robar ɗauri na rufe altaneta, akwatin fis, kan koyil ɗin nan huɗu da suka taɓa ja mini asara, da kuma bakin da inji ke shaƙar iska. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne: iska tana matsuwa a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, in ya shiga da yawa yana iya lanƙwasa sandar fistin. A ƙasa na shimfiɗa kwali, na zuba yashi a kai.

Ƙanina da ke taya ni ya ce, "Yaya, wannan ai kamar za a yi wa mota tiyata." Na ce masa ya riƙe tocila kawai.

To, ga inda gwangwanin ya burge ni. A wuraren da maiƙon bai yi kauri ba, kamar jikin akwatin iska, bayan lagireto da gefen bangon bonet, fesawa ɗaya ta wadatar. Kumfar na sauka sai ka ga tana rikiɗewa daga fari zuwa ruwan ƙasa tana gangarowa, ko burushi ban sa ba. Rubuce-rubucen da ke kan murfin man birki da na ruwan lagireto, waɗanda na manta ma akwai su, suka bayyana. Kumfar kuma tana manne wa wuri maimakon ta zube nan take kamar kananzir, wannan shi ne fifikonta na gaskiya a kan haɗin gareji, musamman a gefen inji da ke tsaye.

Inda ya gaza kuwa, ya gaza sosai. Wancan tsohon ɓawon mai kauri ko gezau bai yi ba. Na fesa, na jira, na ɗauraye, sai saman kawai ya yi laushi. Dole na fasa wani katako na yi masa baki kamar cokali na shiga kankara, sannan na sake fesawa na bi da burushin fenti da tsohon burushin haƙori a lunguna. Sai a zagaye na uku ƙarfe ya fito. Duk wanda ya ce maka fesawa kawai za ka yi ka koma gefe ka sha shayi, injinsa bai yi datti ba ne.

Abu na biyu, a jikin gwangwanin an ce a bar shi ya jiƙa na wasu mintuna kafin a ɗauraye, amma wanda ya rubuta hakan bai san iskar Katsina ta watan Fabrairu ba. Kafin in gama fesa ɓangaren dama, na hagu ya bushe ya koma danƙo. Sai na koma yi kashi-kashi, wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, in gama da shi kafin in matsa. Hakan ya sa gwangwanin ya ƙare tun ban taɓa ƙasan inji ba, sai da na tura ƙanina a kan babur ya ƙaro wani. Ɗan siririn bututun da ake maƙala wa bakinsa ma ya yi ta faɗuwa, sau biyu muna laluben sa a cikin yashi, kuma in ka karkata gwangwanin don ka kai lungu, iska kawai yake fitarwa. Warin ma ba na wasa ba ne. A fili muke amma sai da kaina ya sara, uwargida kuma ta aiko a tambaya ko risho ne ya zube. Ban sa safar hannu ba da farko, kwana biyu fatar yatsuna tana a bushe tana saɓa.

Wajen ɗauraya ban yarda da komai ba sai buta. Jarka biyu na saya wurin mai garuwa, ban ma ƙarar da su ba. Buta tana kai ruwa daidai inda kake so, a hankali, ba ta tura shi cikin soket ko ƙarƙashin robar da aka yi don tare fantsalin ruwan sama kawai. Na goge abin da hannu ke kaiwa da tsumma, na cire ledoji, na bar bonet a buɗe har bayan la'asar. A nan kam iskar da ta ba ni wahala da safe ta biya ni. Kafin in mayar da batir na zare koyil ɗin na haska kowane rami, duk a bushe. Bugu ɗaya ta tashi. Ɗan hayaƙi ya tashi daga wajen salansa na mintuna kaɗan, ragowar maganin ne ke ƙonewa, daga nan ya ɗauke. Yashin da ya sha baƙin ruwan na kwashe a buhu na kai gareji inda suke tara tsohon mai, don kwatar unguwarmu yara da awaki duk a bakinta suke yini.

Akwai masu cewa inji in ya yi tsabta ya fi sanyi kuma ya fi shan mai kaɗan. Ni dai ban gani ba. Allurar zafi tana nan inda ta saba tsayawa, don ruwa da lagireto da fanka ne ke ɗauke zafin inji, kuma abin da nake sha zuwa Daura da dawowa bai canza ba. Af, wannan aikin ya kuma koya mini wani abu game da kasuwar motoci: in ka je saye ka tarar da inji yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, kada ƙyallin ya ruɗe ka, awa biyu da gwangwani biyu sun isa su share shaidar yoyon shekara biyar. Ka nemi a yi tafiya mai ɗan nisa da ita, sannan a sake ɗaga bonet.

Haka ma ta kasance da tawa. Juma'ar da ta biyo na je Daura na dawo, Litinin da safe na wuce gareji. Muna ɗaga bonet sai ga wani siririn layin mai, sabo fil, ya taso daga kusurwar murfin saman inji ya gangara ya ɗiga daidai kan ƙarfen salansa. Ga mafarin ƙaurin nan. Ƙasan, wajen haɗin inji da giyabos, a bushe yake ƙamas. Makanikena ya bi layin da yatsa ya ce, "Allah Ya taimake ka, Yallaɓai, gaskit ɗin sama ne." Robar ta tsufa ta ƙeƙashe, da ya ciro ta karyewa ta yi a hannunsa kamar busasshen kara. Kafin azahar an sa sabuwa. A nan ne kuma muka ga wani tiyon roba da mai ya jiƙa har ya kumbura ya yi laushi, da ɓawon gyaɗa cike da wani lungu kusa da batir, alamar ɓera ya taɓa kama haya a wurin. Da bai tashi ba, da wayoyi zai koma ci.

Zan sake saye? E, amma gwangwani biyu tun farko, da safar hannu, kuma ba a tsakiyar hunturu ba. Ga inji mai ɗan maiƙo sama-sama ya ci kuɗinsa. Ga irin nawa kuwa, katako da burushi suka yi rabin aikin, shi ya ƙarasa. Yau sati shida ke nan, ƙura ta sake hawa kamar yadda ta saba, sai dai busasshiya ce, tsumma ɗaya ke ɗauke ta, kuma man inji yana nan a kan layinsa. Ragowar rabin gwangwani na biyun makanikena ya karɓe, wai zai gwada a kan wata tsohuwar bas da aka kawo masa daga Jibiya.