Shagon turin da nake samo finafinan ban tsoro a Wudil

Tun muna yara, idan Iya ta fara tatsuniyar Dodo a tsakar gida, ƙannena su ruga ɗaki, ni kuwa in matso ina cewa a ƙara. Har gobe abin tsoro nake so, fim ne ko littafin aljanu da mayu da ake karantawa a murya.

Duk Juma'a idan na shigo kasuwar Wudil daga ƙauyenmu, sai na biya wani ɗan shagon turi kusa da masu cajin waya. Yaron na hango ni zai ce, "Yaya, an samu sabo na gidan fatalwa!" Naira 100 yake tura min ɗaya a memori, na Indiya ko na Koriya, fassarar Hausa. Abin da ya fi burge ni, yakan faɗa maka wanda bai dace a kalla gaban yara ba.

Matsalata da wasu masu fassarar ce: daidai inda tsigar jiki za ta tashi sai su saka barkwanci, su ɓata komai. Sau ɗaya kuma na koma gida na tarar ƙarshen fim ya yanke. Mako na zagayowa ya sake tura min, ko sisi bai karɓa ba.