Na halarci taron masana ƙasa na duniya daga ɗakina a Daura

Sana'ata awon ƙasa ce kafin a haƙa burtsatse. In kun ga mutum a bayan gari, a Daura ko Sandamu ko Mai'adua, yana kafa turakun ƙarfe a jere yana jan wayoyi zuwa wani akwati mai batir, to ire-irenmu ne. Wutar lantarki muke turawa cikin ƙasa mu auna yadda take ratsawa, daga nan mu ƙiyasta inda ruwa yake da zurfinsa.

Na daɗe ina jin labarin manyan tarukan wannan fanni. Akwai na EGU, ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Turai, da ake yi duk shekara a Viyana ta Ostiriya, da na AGU, takwararta ta Amurka, da ake yi a can cikin Disamba, sai uban tafiyar, babban taron masana duwatsu na duniya, wanda aka fara a Faris a 1878, aka yi shi a Afirka ta Kudu a 2016, sannan a Busan ta Koriya ta Kudu a 2024. Zuwa can dai sai mai hali: biza, jirgi, masauki. Tun bayan korona wasu tarukan suka buɗe ƙofar halarta ta intanet, shi ne na sayi rajistar wani matsakaici da aka yi a Turai kan ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Tun wajen biya aka fara gumi. Katina na naira ya ƙi, sai da wani abokina da ke karatu a waje ya biya, na tura wa mahaifiyarsa kuɗin a nan gida.

Amma ilimi kam, na sha. Duk zaman da aka yi ana naɗe shi, kana iya komawa ka kalla cikin dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni. Wani jawabi sau uku na maimaita shi. Kan kudu maso yammacin Nijar ne, wajejen Yamai, inda aka gano ruwan ƙasa yana ta hauhawa duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalilin kuwa, da aka sare daji aka mai da shi gonaki, ruwan sama ya daina tsayawa a inda ya sauka, sai ya gangara ya taru a tafkuna, daga nan ya tsuma ƙasa. Ni da na taso ina jin cewa sare itace ƙafar da rijiya yake yi, sai na yi zuru. Ba wai saran ya zama alheri ba, zaizayar ƙasa tana nan, amma lissafin ya fi yadda muke faɗa a majalisa sarƙaƙiya.

Na kuma fahimci taurarin ɗan'adam na GRACE, da aka harba a 2002 aka maye gurbinsu a 2018, masu gane ƙaruwa ko raguwar ruwa ta hanyar sauyin nauyin ƙasa. Sai dai faɗin da suke aunawa ya wuce a ce ga inda za a kafa injin haƙa. A jiharmu yawancin ƙasar tsohon dutse ne mai tauri, ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa ko cikin tsaga, arewa kuwa akwai yashi da yumɓu. Tsakanin rijiya mai ruwa da busasshiya wani lokaci taku kaɗan ne. Wannan sai turakuna.

Inda na ji an rage ni shi ne mutane. Na kafa allon bincikena a shafin taron, na zauna kan tabarma gaban kwamfuta tsawon lokacin da aka ware mini, ina sauraron shigowar baƙi kamar mai tallar da ta kasa kaya ranar da ba kasuwa. Mutum biyu suka leƙo. A zauren kuma, mai gabatarwa hannun waɗanda ke gabansa yake gani. Na rubuta tambaya kan gishirin da ke ɓata awo a ƙasar yumɓu, ina kallonta a gefen allo har aka tafa aka tashi shan shayi. Su can a wajen shayin nan ake ƙulla aiki, ni kuwa na tashi na yi azahar.

Ɗaya daga cikin biyun nan, wani malamin jami'a daga Senegal, ya aiko mini da saƙo bayan mako guda, har da wata manhaja ta kyauta ta fassara awo. Da ita nake aiki yanzu.

Wani dattijo mai haƙar rijiya da muke fita aiki tare ya tambaye ni, “Ɗana, me Turawan suka ce?” Na kwashe labarin Yamai na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, “To ai mu ma kusa da tafki muke fara dubawa.” Na ce, “Gaskiya ne, Baba.”

Baɗi zan sake saye, in Allah ya kai mu, amma ba zan ƙara wahalar kafa allo ba. Zan sauke jawaban ne kawai, in rubuta wa masu su kai tsaye.